Wa Ya Fara Cewa Mu Malalata Ne?



Makon jiya a zauren maigida ana sulhunta wani ɗan kasuwa matashi da yaron shagonsa, ɗan ƙabilar Ewondo. Da magana ta yi zafi sai matashin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mutanen kurmin nan ba sa son aiki, haka aka halicce su." Ni aikina a wurin riƙe alƙalami ne, don haka ban tanka ba. Amma zuciyata ta koma kan wata hira da na taɓa ji cikin tasi, inda wani fasinja ke cewa Hausawan Birikiteri ba su da sana'a sai zaman tabarma da shan shayi. Muna jifan maƙwabta da kalmar da su ma suke jifan mu da ita, alhali ba mu ne muka ƙera ta ba, ba kuma su ba ne.

Wanda ya fara tona asalin wannan zargi a rubuce, a iya abin da na karanta, mutumin ƙasar Filifin ne, likitan ido mai suna Hose Rizal. Turawan Sifaniya sun mulki ƙasarsa fiye da shekara 300, suna ta cewa lalaci a jinin mutanenta yake. A 1890 ya ba su amsa cikin wata doguwar maƙala a jaridar La Solidaridad. Bai musanta cewa akwai kasala a ƙasar ba. Tambayarsa ita ce daga ina ta fito. Ya nuna cewa kafin zuwan Sifaniya mutanen tsibiran suna noma, suna saƙa, suna ƙera jiragen ruwa, suna fatauci da Sin. Sai aka kwashe maza zuwa yaƙi da saran katako na tilas, gonaki suka zama kufai, wanda ya noma kuma bai da tabbacin cin abin da ya noma. A 1896 suka harbe shi a Manila.

Ku ɗauki wannan ma'auni ku auna Yawunde da shi. Jamusawa sun kafa sansaninsu a nan wajen 1889, babu jirgin ƙasa, babu mota. Roba da hauren giwa a ka ake kai su Kiribi, ta hanyar Lolodof, tafiyar kwanaki cikin kurmi da ruwan sama, a kuma dawo da gishiri da yadi. Dubban 'yan dako ne, har da mata, suka yi wannan hanya, kuma mafi yawansu kakannin waɗannan da muke kira malalata ne. A 1908 aka ɗora wa kowane baligi harajin maka 6 a shekara, wanda bai da kuɗi ya biya da aikin kwana 30. Manufar harajin a fili take: a tilasta wa mai gonar kansa ya bar ta ya je ya yi wa Bature aiki. Mutumin da yake da rogo da ayaba da gyaɗa a gida, me zai kai shi gandun wani a kan ladan da bai taka kara ya karya ba? Ƙin zuwan nan shi ne aka rubuta a takardun gwamnati da sunan lalaci.

Da Faransa ta karɓi ƙasar sai abin ya samu doka. Kowane namiji yana da aikin gwamnati na kwana 10 a shekara ba lada, kumandan kuma yana da ikon kulle mutum har kwana 15 ba tare da alƙali ba, kuma nuna ƙyuya wajen haraji ko aiki yana cikin laifuffukan. Da hannun mutanen da aka kamo daga ƙauyuka aka fasa duwatsun Njok, aka ja layin dogo daga Eseka har ya iso Yawunde a 1927, mutane da yawa suka mutu a wurin. Duk wanda ya gudu don tsira da ransa, malalaci ne a bakin mai bulala. Hatta sunan unguwarmu daga wurin toya tubali ya samo asali, kuma ba Bature ne ya kwaɓa yumɓun ba.

Mu Hausawa a nan kudu an fi yi mana kirarin iya fatauci, domin ana buƙatar shanunmu da tufafinmu da sanin hanyarmu. Ina jin wannan yabo ne ya ruɗe mu har muka ɗauka mun fi ƙarfin zargin. To, a ƙasar kakanninmu an yi mana irinsa. Turawan Ingila sun ja layin dogo har Kano a 1911 da burin kwasar auduga zuwa masaƙun Lankasha. Audugar ba ta zo musu yadda suka so ba, aka yi ta kukan cewa manomin Arewa ba ya motsi. Gaskiyar magana, masaƙan Kano sun fi kamfanin Bature biya, birnin da tun 1851 matafiyi Henrik Bat ya ga yadda tufafinsa ke kaiwa har Timbuktu. Da farashin gyaɗa ya yi kyau a 1912, waɗannan manoma dai su ne suka cika tashar jirgi da buhuna har aka rasa inda za a sa su. Ashe lissafi suke yi. Duk da haka, a lokacin yaƙin duniya na biyu aka yi ɗiban gwamna, aka tura dubban talakawa haƙar kuza a Jos cikin sanyin da ba su saba da shi ba.

A ƙasashen Faransa sai ranar 11 ga Afrilu 1946 aka soke aikin tilas, da dokar da Feliks Ufuwet-Buwanyi ya gabatar a majalisar Faris. Bayan haka gonakin koko na talakawa suka ƙara bunƙasa a kewayen Yawunde, daga Obala zuwa Mbalmayo, ba mai tsaye a kansu da bulala. Da kuɗin kokon nan suke sayen naman mahautanmu da ɗinkin telolinmu har gobe.

Ban ce babu rago a cikinmu ko a cikinsu ba. Kowace unguwa tana da nata, kuma mun san su da suna. Amma ranar sulhun nan, kafin a tashi, maigida ya dubi matashin ya ce, "Ɗana, yaushe rabon da ka biya shi?" Ya sunkuyar da kai ya ce wata biyu ke nan, kasuwa ce ba ta tafiya. Aka yanke zai biya kashi uku, na farko kafin Juma'a, na rubuta, su biyun suka sa hannu.