Wuya da Kwala: Tarihin Kalmomi Biyu a Bakin Bahaushe

Wannan maƙala ta duba kalmomi biyu da Bahaushe ke kiran ɓangaren riga da ya kewaye wuya, wato "wuya" da "kwala". Manufarta ita ce nuna cewa yadda kalmomin suka raba aiki a tsakaninsu yana ɗauke da tarihin sutura da shari'a da mulki a ƙasar Hausa.

Da farko, ya kamata a bambanta "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Rubutun boko ya haɗe su, amma karin sauti da jinsi sun raba su: na farko namiji ne (wuyan riga), ta biyu mace ce (wuyar aiki). Na farkon ne abin nazari a nan.

A ƙarni na 19, lokacin da Heinrich Barth ya isa Kano a 1851 ya tarar da saƙa da rini su ne ƙashin bayan kasuwancin birnin, babbar riga ba ta da wani ƙyalle da ake liƙawa a wuya. Kafa ce ake yankewa, a ƙawata gefenta da aljihu da aikin allura irin su aska biyu da aska takwas, sana'ar da Zariya da Bida suka yi fice a kanta. Sarakunan Daular Sakkwato kan ba da irin waɗannan riguna kyauta ga hakimai da malamai, don haka aikin da ke wuyan rigar mutum kan bayyana matsayinsa tun kafin ya buɗe baki.

Shari'ar Musulunci ta ƙara wa kalmar nauyi. Larabci na amfani da "raƙaba", wato wuya, a madadin bawa gaba ɗayansa, shi ya sa malamai ke cewa "'yanta wuya" idan suna bayanin kaffara. Furucin ya ci gaba da rayuwa a majalisun karatu ko bayan dokar 1936 da ta soke bauta a Arewacin Nijeriya, da sanarwar 1962 da ta soke ta a Saudiyya. A maganar yau da kullum ma, wuya ne wurin ɗaukar nauyi: akan ce alhaki ya rataya a wuyan wane, ko kuma a ce wuyan yaro ya yi kauri idan ya daina jin maganar na gaba.

Ita kuwa "kwala" ararriya ce daga Ingilishi, kuma tushenta na can nesa shi ne kalmar Latin "collum", wadda ita ma wuya take nufi. Ta bazu bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, tare da kakin soja da shat ɗin akawu da 'yan makaranta. Daga baya teloli suka ɗora ta a kan kaftani, jallabiyar da alhazai ke sayowa daga Makka da Madina kuma ta ƙara sabar wa mutane da ita.

Abin lura shi ne, "kwala" ba ta gaji ma'anonin daraja da amana ba. Fitaccen salon maganar da ta haifar shi ne "cin kwala", wato shaƙe mutum ta rigarsa, kamar yadda mai bin bashi ko ɗan sanda kan yi. Dalilin a fili yake: kwala tana ba hannu wurin kamawa. Saboda haka, masu haɗa ƙamus da masu fassara na da aiki a gabansu, domin duk wanda ya sa ɗaya a gurbin ɗaya zai iya mayar da ɗaukar amana ta koma cin mutunci.