Bishiyoyin da ke riƙe da tarihin fari

Jama'a, duk mai bibiyar labaran Amurka ya ji yadda ruwan kogin Kolorado ke ja baya, kogin da mutane kusan miliyan 40 ke dogaro da shi. A 2022 masana suka ce shekarun 2000 zuwa 2021 su ne mafi bushewa a yankin cikin shekara 1,200. To, wa ya auna ruwan sama a wancan zamanin? Bishiyoyi ne, musamman itatuwan fayin na kan duwatsu.

Idan aka yanke gungume, za ka ga zobba a jere, kowace shekara da nata. Shekarar da aka samu ruwa zoben ya yi faɗi, shekarar fari kuwa ya tsuke. Wani masanin taurari a Arizona, A. E. Douglass, shi ya mai da wannan ilimi. A 1929 ya haɗa zobban itatuwa masu rai da na azarar tsofaffin gidajen mutanen Pueblo, har ya iya faɗin shekarar da aka sare kowace. A nan aka gano wani dogon fari daga 1276 zuwa 1299. Kafin 1300 ta wuce, mutanen Mesa Verde sun bar gidajensu sun yi kudu. Ba fari kaɗai ya kore su ba, akwai rikici, amma yunwa ta taka rawa.

Ɗalibinsa Edmund Schulman ya ci gaba da neman tsofaffin itatuwa, har ya kai Fararen Duwatsu na Kalifoniya, sama da mita 3,000. Wuri ne da duwatsun Sierra Nevada suka tare wa hadari, ɗan abin da ke sauka ma yawanci ƙanƙara ce. A 1957 ya tarar da wata fayin, irin da suke kira bristlecone, mai shekara sama da 4,700. Ya sa mata suna Methuselah, kuma har yau tana nan da rai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, waɗannan itatuwa iyaka biyu gare su. Can ƙasa ƙishirwa ce ke tsai da su, don haka zobbansu labarin ruwa suke bayarwa. Can sama, inda bishiya ke ƙarewa sai tsurar dutse, sanyi ne ke tsai da su, nasu zobban sun fi ba da labarin zafi. Kuma waɗanda suka fi shan wuya su suka fi daɗewa, domin girman a hankali yana sa itacen ya yi tauri, ƙwari da ruɓa su rasa ta inda za su shiga.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A 1922 jihohi bakwai suka raba ruwan Kolorado bisa awon 'yan shekarun da suke da shi a hannu. Sai a 1976 zobban itatuwa suka nuna cewa shekarun nan suna cikin mafi damina a sama da shekara 400. Ma'ana, an raba abin da kogin bai saba bayarwa ba. Rigimar da ake yi yau daga nan ta samo asali.

Ni dai darasin da na ɗauka ke nan: tunanin ɗan Adam gajere ne. Mu da iyayenmu suka ga farin 1973 da na 1984, kada damina mai albarka ta 'yan shekaru ta sa mu yi lissafin dam da rijiya da gona kamar fari ya tafi ke nan.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari.