Daga Fiyano zuwa Akwatin Wayoyi: Kiɗan Sutudiyo a Badariya

Duk wanda ya buɗe sutudiyo a Badariya, ko wata unguwa ta Birnin Kebbi, gadon Kano ya ci. Can aka fara ɗora waƙar Hausa a kan fiyano gadan-gadan, lokacin da finafinan bidiyo suka kunno kai bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Ƙananan Casio aka fara latsawa, daga baya Yamaha samfurin PSR ta karɓe fage, sutudiyon Iyan-Tama na cikin na gaba-gaba. Da fim ɗin Sangaya ya fito kuwa, kowane matashi mai sha'awar waƙa daga Kano har bakin Gulbin Kebbi wannan amon yake nema.

Mun karɓa hannu bibbiyu, kuma fiyano ta ciyar da gidaje: waƙar biki, ta siyasa, ta bege, tallar rediyo. Amma kunnen da ya tashi da waƙoƙin Sani Aliyu Ɗandawo, ko ya tsaya a Matan Fada ranar kamun kifin Argungu makaɗa na kiɗa cikin kwale-kwale, ya san akwai abin da ya ɓace. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, sauti ya hau, ya sassauta, ya sauko, yana bin hawa da saukar muryar Bahaushe. Muryoyin fiyano kuwa naɗaɗɗu ne, an adana su tun daga masana'anta, kowane maɓalli da matakinsa. Iyakar dabararmu ita ce murza 'yar tayar nan ta gefen hagu don sauti ya ɗan lanƙwasa. Sai kwamfuta ta zo da FL Studio da Cubase da Auto-Tune, aiki ya yi sauri, muryoyi suka yi santsi, waƙoƙinmu kuma suka ƙara kama da juna.

Abin da muka tsallake shi ne zamanin analog. Robert Moog ya fito da na'urarsa a Amurka a 1964, akwatuna ne da ake haɗawa da wayoyi, wutar lantarki da kanta ke haifar da sautin, sannan a tace shi, a siffanta shi da hannu. Minimoog ta biyo baya a 1970. William Onyeabor ya yi aiki da irin waɗannan na'urori a Inugu, Mamman Sani kuma ya naɗi kaset ɗinsa a Yamai a 1978 da wata ogan ƙirar Italiya, yana kaɗa waƙoƙin gargajiyar Nijar. Ga Yamai nan kusa da mu, amma yawancinmu sai bayan kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin a 2013 muka ji shi. Wannan yana yi mini ciwo har yanzu. Kafin sutudiyo ya iso Kebbi, Yamaha DX7 ta 1983 da ire-irenta sun riga sun ture analog gefe, don haka ba mu gaje ta ba.

Yanzu ta dawo. Doepfer ta Jamus ta kafa tsarin Eurorack, na ƙananan akwatunan da ake haɗawa da wayoyi, a tsakiyar shekarun 1990, Moog ta fitar da Mother-32 a 2015, Behringer ta kwaikwayi Minimoog da Model D a farashi mai sauƙi. Yaranmu suna ganin su a YouTube, suna zuwa suna cewa, "Oga, wacce zan saya?"

Amsata daga wancan giɓin da ke tsakanin kalangu da fiyano take fitowa. Kada ka sayi analog don ta yi maka aikin fiyano. Yawancinsu murya ɗaya suke fitarwa a lokaci guda, kamar sarewa. Ƙarfinsu shi ne zamewa daga sauti zuwa sauti ba tare da yankewa ba, da kuma iya tsayawa tsakanin maɓallai biyu, inda goge da kukuma ke yawan zama. Wannan za ka fara gwadawa, sai kaurin sautin ƙasa idan an rufe matatar. Ga mai farawa, na fi son akwati guda da aka riga aka haɗa cikinsa, mai ramin MIDI, domin tsohuwar PSR ɗinka ta tuƙa shi. Tara Eurorack ɗaya bayan ɗaya rami ne mai cin kuɗi, ga shi sai ka sayi gida da abin ba da wuta daban.

Sai zafi da wuta. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, analog kuwa sautinta na gocewa idan ɗumin ɗaki ya canja. Kunna ta ta ɗan jima kafin mawaƙi ya shiga, ka daidaita ta, ka sake dubawa in an kashe fanka. Kada ka jona ta kai tsaye a janareto. Bi ta inbata ko sitabilaiza, ka lulluɓe ta lokacin hunturu saboda ƙura na shiga makunnai ta sa su ƙara. Model D ba ta adana sauti ko ɗaya, don haka da ka sami wanda ya zauna da muryar mawaƙi, naɗe shi nan take, ka ɗauki hoton makunnan da waya kafin wani ya taɓa.