Musayar harshe

Musayar harshe hanya ce ta koyon harshe inda mutum biyu masu harshen uwa daban-daban suke zama su yi hira, kowanne yana koyon harshen ɗan'uwansa. Ana raba lokacin hirar gida biyu, rabi da wannan harshe, rabi da wancan. Babban amfaninta shi ne horar da kunne, wato mutum ya saba da jin magana yadda masu harshen suke yin ta, da saurinta da karinta da haɗiye kalmomi.

Asali

A Turai ana kiran tsarin Tandem, sunan keke mai sirdi biyu. Jürgen Wolff ne ya tsara shi a Madrid a 1979 tsakanin masu jin Jamusanci da masu jin Sifaniyanci, sannan a 1994 Helmut Brammerts na Jami'ar Bochum ya jagoranci faɗaɗa shi ta hanyar imel. Ƙa'idojinsa biyu ne: kowa ya amfana daidai da ɗan'uwansa, kuma kowa ya ɗauki nauyin koyonsa. Yau manhajoji irin su HelloTalk da Tandem suna haɗa mutane ta waya.

Yadda take horar da kunne

Stephen Krashen ya yi bayanin cewa ana samun harshe ne ta hanyar jin maganar da ake fahimta, wadda ta ɗan ɗara matakin mai koyo. Michael Long ya ƙara da cewa hira ce take samar da irin wannan magana. Mai sauraron rediyo ba zai iya tsayar da mai karanta labarai ba, amma mai hira yana iya cewa "maimaita" ko "me kake nufi?", abokinsa ya sassauta murya ko ya canza kalma.

Wannan ya fi muhimmanci a harsuna masu karin sauti. A harshen Ibo, "akwa" tana iya nufin kuka, ƙwai, yadi ko gado, gwargwadon hawa da saukar murya. A Hausa kuma, tsawon wasali ne ya raba "gari" na zama da "gari" na tuwo, kuma baƙo yakan daɗe kafin kunnensa ya bambanta "kafa" da "ƙafa". Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, sai dai a ji a baki.

A Fagge da Sabon Gari

Tun kafin a ba tsarin suna, Kano ta san irin wannan cuɗanya. Fagge, da ke wajen ganuwa, ta daɗe tana zangon fatake, musamman Buzaye masu zuwa daga arewa. Sabon Gari kuwa an kafa ta wajajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Yau unguwar tana cikin ƙaramar hukumar Fagge. A kasuwar Sabon Gari ana jin Hausa da Ibo da Yarabanci da Buroka a layi ɗaya, a Kantin Kwari da Wapa kuma akwai masu Faransanci daga Nijar da Chadi, ga 'yan kasuwar Sin masu harkar atamfa.

Sai dai musayar kasuwa ba ta cika ƙa'idar farko ba. Hausa ce harshen ciniki, don haka yaron shago ɗan kudu yakan iya ta cikin 'yan shekaru, alhali maƙwabcinsa Bahaushe bai wuce gaisuwa da ƙirga a harshen Ibo ba. Da zarar hira ta yi tsauri, sai a koma Hausa ko Buroka. Haka kuma ba a cika gyara wa mutum ba muddin an gane nufinsa, shi ya sa ake samun wanda ya shekara ashirin a Kano yana jin Hausa sarai, amma yana ce wa mace "ya zo". Kunnensa ya horu, bakinsa ne bai samu mai gyara ba.

Ɗaliban da suke son cin moriyar wannan maƙwabtaka sukan tsayar da lokaci a wajen sa'o'in ciniki, su raba shi daidai, su kuma amince tun farko cewa ba za a tsere zuwa Turanci ba idan kalma ta ɓace. Wasu sukan naɗi hirar a waya da izinin abokin, su sake saurara a gida.