Mink a keji: Yadda faɗin wuri ke shafar walwalar dabbar da ake kiwo don gashinta

Mink ƙaramar dabba ce mai cin nama, dangin dage da bodari da karen ruwa, wadda asalinta Arewacin Amurka ne. A ƙasashe irin su Poland da Finland da Girka da Sin ana kiwonta a gonaki, a yanka ta a sayar da fatarta mai laushin gashi ga masu ɗinka rigunan sanyi na alfarma. An shafe shekaru ana muhawara a Turai a kan girman kejin da ake tsare ta a ciki, kuma abin da bincike ya gano shi ne faɗin keji kaɗai ba ya warware matsalar.

Yadda take rayuwa a daji

A daji mink ita kaɗai take zama, ba ta yin garke. Tana mallakar yanki a gefen kogi ko tafki wanda kan kai tsawon kilomita ɗaya zuwa 'yan kilomitoci, tana iyo da nutso tana farautar kifi da kwaɗi da ɓeraye da tsuntsaye, tana kuma da ramuka da dama da take kwana a ciki. Kiwon da aka yi mata na fiye da shekara ɗari ya ƙara mata jiki ya kuma sauya launin gashinta, amma bai kawar da waɗannan ɗabi'u ba.

Ma'aunin keji

A shekarar 1999 Majalisar Ƙasashen Turai mai mazauni a Strasbourg, wadda dabam take da Tarayyar Turai, ta fitar da shawarwari kan kiwon dabbobin gashi. Ta ce kada filin kejin babbar mink guda ya gaza murabba'in santimita 2,550, kada kuma tsayinsa ya gaza santimita 45. Wannan fili bai wuce na takardun A4 guda huɗu a jere ba sai da kaɗan. Kejin da aka fi amfani da shi na waya ne, faɗinsa santimita 30, tsawonsa 90, da ɗan akwatin kwana a gefe. Namijin mink da ya girma, idan aka haɗa da jelarsa, ya fi rabin mita. Ana haifar 'ya'yan a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, a raba su da uwa bayan kamar mako takwas, a kashe mafi yawansu da iskar gas a Nuwamba ko Disamba lokacin da gashin sanyi ya cika.

Masana na auna halin da dabbar ke ciki ta hanyoyi uku. Na farko, maimaita motsi iri ɗaya ba tare da manufa ba, kamar kai da komo a jikin waya ko jujjuya kai. Na biyu, tauna gashinta ko cizon jelarta. Na uku, yawan sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa idan dabba ta takura, wanda ake aunawa a fitsari ko kashi.

Abin da bincike ya nuna

A 2001 Georgia Mason da abokan aikinta na Jami'ar Oxford suka wallafa wani gwaji a mujallar Nature. Sun sanya mink a wurin da ke da ɗakuna dabam-dabam, kowane da ƙofar da ake ƙara wa nauyi, don a ga abin da dabbar za ta fi shan wahala a kansa. Kwamin ruwan iyo ne ya zo na farko, ɗakin da ba komai a cikinsa sai ƙarin fili kuwa ya zo a ƙarshe. Da aka hana su ruwan na yini guda, kotisol ɗinsu ya tashi kamar yadda ya tashi da aka hana su abinci.

A Denmark, wadda a lokacin ta fi kowace ƙasa samar da fatar mink, Steffen Hansen da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon wani gwajin a 2007. Ninka girman keji sau biyu bai kawo wani canji a walwalar dabbobin ba. Waɗanda aka sanya wa bututun shiga da igiyoyin ja da tauna su ne suka rage maimaita motsi da cizon jela.

Dalilin a bayyane yake. Dabbar da ke yawon kilomitoci ba ta ganin bambanci tsakanin kwata na murabba'in mita da rabinsa, muddin ba ruwa, ba abin farauta, ba wurin ɓuya. Akwai kuma wani abin lura: idan aka gina keji mai hawa biyu, manoma kan zuba dabbobi uku ko huɗu a ciki, sai ƙarin filin ya ƙare a faɗa da raunukan cizo.

Doka da siyasa

Masu sana'ar sun kafa tsarin tantance gonaki mai suna WelFur, suna cewa ana iya gyara kiwon a cikin kejin da ake da shi. Wasu ƙasashe ba su yarda da haka ba. Ingila da Wales sun haramta kiwon da dokar shekarar 2000, wadda ta fara aiki a 2003. Jamus ba ta haramta kai tsaye ba. Ta wajabta keji mafi girma da kwamin iyo, kuɗin cika sharuɗɗan ya fi ƙarfin ribar, gonar ƙarshe ta rufe a 2019.

Annobar korona ta ƙara fito da wani ɓangaren. Dubban keji a jere a rumfa ɗaya na sauƙaƙa yaɗuwar cuta. A Nuwamban 2020 Firaminista Mette Frederiksen ta ba da umarnin kashe dukkan mink na Denmark, kimanin miliyan 17, bayan an gano ƙwayar cutar ta sauya a jikinsu ta koma ga mutane. Daga baya ta bayyana cewa umarnin ba shi da madogara a doka, ministan noma Mogens Jensen ya yi murabus. Holand ta rufe gonakinta a 2021, shekara uku kafin wa'adin da ta sa tun farko.

A 2023 wata takardar koke mai neman a hana kiwon dabbobin gashi a duk Tarayyar Turai ta samu sa hannun mutum fiye da miliyan 1.5. Zaɓin da koken ya ajiye a gaban masu yanke shawara shi ne wanda Jamus ta riga ta gwada: ko a wajabta wa manoma ruwan iyo da fili da kayan motsa jiki, ko a rufe sana'ar gaba ɗaya.