Jirgin Ikko zuwa Kano da Abin da Ya Jawo wa Ƙasar Kabi

Layin dogon da ya haɗa Ikko da Kano, mai tsawon kilomita 1,126, asalinsa ayyuka biyu ne na gwamnatocin mulkin mallaka biyu masu gasa da juna. Gwamnatin Ikko ta fara nata a 1896, ya isa Ibadan a 1901, ya kai Jebba a bakin kogin Kwara a 1909. Ita kuwa gwamnatin Arewa, a zamanin Gwamna Girouard, wanda injiniyan layin dogo ne ɗan Kanada, ta ɗauko nata a 1907 daga Baro, wata tashar jiragen ruwa a kan Kwara, ya ratsa Minna da Zariya har ya shiga Kano a 1911. An haɗa layukan biyu a Minna a 1912 aka danƙa su ga hukuma ɗaya, amma kafin a kammala gadar Jebba a 1916, sai an ɗora taragu, wato ɗakunan da kan jirgi ke ja, a bisa jirgin fito a ƙetare da su.

Ba don fasinja aka shimfiɗa wannan hanya ba. Burin Turawa shi ne kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila, sai dai tun daga 1912 manoman Kano suka karkata ga gyaɗa saboda ta fi tsoka, kuma daga nan ne dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka samo tushe. Duk da haka jama'a suka rungumi jirgin hannu bibbiyu, domin tafiyar da ke cin ayari watanni ta koma ta 'yan kwanaki. An kasa taragun fasinja aji uku, kuma a na ukun, mai kujerun katako, talakawa ke cunkusuwa da tabarmi da butoci da huhunan goro, yayin da masu talla ke miƙo abinci ta taga a kowace tasha. Da wannan zirga-zirga ce Sabon Garin Kano da unguwar Sabo ta Ibadan suka cika suka batse.

Ƙasar Kabi ba ta ga ko ƙarfe ɗaya na wannan layi ba, amma kaɗan ne wuraren da ya taɓa kamar yadda ya taɓa ta. A ƙarni na sha tara, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fatake, wato 'yan kasuwar nesa masu tafiya cikin ayari ƙarƙashin madugu, ta Jega take bi ta ƙetare Kwara ta nufi Gwanja, inda ake saro goro, kuma wannan ciniki ne ya sa kasuwar Jega ta yi suna a daular Sakkwato. Da goro ya koma zuwa Ikko ta teku, daga can ya hau jirgi zuwa Kano, sai zangunan wannan hanya suka fara mutuwa, fataken da kansu suka bi kayansu zuwa Agege da Ibadan. Reshen da aka ɗauko daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, wanda shi ne ya fi kusantar kwarin Rima, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, shekarar da tattalin arzikin duniya ya karye, ba a kuma ƙara masa ko taku ɗaya ba. Gusau ce ta ci moriyar haka, ta zama matattarar auduga da gyaɗa da fatu, shi kuwa mutumin Birnin Kebbi ko Argungu mai shinkafa ko busasshen kifi sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 300 a bayan jaki ko raƙumi, daga baya a mota, kafin ya ji kukan jirgi.

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, kuma a 1964 ta ɗauki fasinjoji fiye da miliyan 11. Daga nan al'amura suka yi ta ja da baya, domin bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur ya tafi ga titunan mota, alhali layin na nan yadda Turawa suka bar shi, ƙunci tsakanin ƙarafansa da yawan kwanoninsa ba sa barin jirgi ya yi gudu. Ƙwararrun Indiya da aka ɗauko a 1979 sun ɗan farfaɗo da harkar, amma da suka tafi a 1982 sai aka koma gidan jiya, har adadin fasinjoji ya gaza miliyan 2 a 2003. An sake buɗe jigilar Ikko zuwa Kano a Disambar 2012 bayan gyara, tafiyar kuma a lokacin tana cin fiye da awa 30.

Sababbin layuka masu faɗi, na Abuja zuwa Kaduna a 2016 da na Ikko zuwa Ibadan a 2021, duk tsohuwar alƙiblar kudu da arewa suka bi, haka ma na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Daura da Katsina zai wuce. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira a 1991, har yau ba ta da ko kilomita ɗaya na layin dogo.