ZARE: Yadda iyo daga Ingila zuwa Faransa ya koma hanyar tara kuɗin taimako

1/ Jama'a, ku matso. Tsakanin Ingila da Faransa akwai teku, inda ya fi ƙunci kusan kilomita 33 ne. Yau mutane na tsallaka shi da iyo don tara wa mabuƙata kuɗi. Amma fa ba da niyyar taimako aka fara ba 🧵

2/ Agustan 1875, wani kyaftin ɗin jirgin ruwa, Matthew Webb, ya shafe jikinsa da mai saboda sanyi, ya faɗa ruwa a Dover. Sai bayan awa 21 da minti 45 ya taka ƙasa kusa da Calais. Igiyar ruwa ta yi ta jan sa gefe, har ya yi iyon fiye da kilomita 60.

3/ Ya yi suna, ya koma nuna bajinta a ruwa ana biyan sa. To ka san halin 'yan kallo: abin da ka nuna jiya ba ya burge su yau. A 1883 ya shiga mahaukacin ruwan da ke ƙasan gangaren Niagara. Gawarsa aka tsamo.

4/ Sai da aka yi shekara 36 kafin wani ya maimaita tsallakawar: Thomas Burgess, a 1911. A 1926 kuma wata Ba'amurkiya 'yar shekara 20, Gertrude Ederle, ta tsallaka cikin ƙasa da awa 15. Duk mazan da suka riga ta, ta fi su sauri da kusan awa biyu.

5/ Dokar wasan kuwa ba sauƙi. Ba rigar kare sanyi, daga kayan iyo sai hula sai tabarau. Kwalekwale na biye da kai ana miƙo maka abinci, amma kana taɓa shi, shi ke nan, ka faɗi.

6/ Wannan wahalar ce masu tara kuɗin taimako suka gano amfaninta. In ka ce wa mutum “taimaka wa talakawa”, sai ya wuce. In ya ga wani na kakkarwa cikin teku saboda su, sai hannu ya tafi aljihu.

7/ Misali: David Walliams, ɗan wasan barkwanci ne a Birtaniya, ba gwanin iyo ba. A 2006 ya tsallaka cikin awa 10 da minti 34, ya tara wa gidauniyar Sport Relief sama da fam miliyan ɗaya, don mabuƙata a Birtaniya da ƙasashe matalauta.

8/ Satumban 2011 ya ƙara da kogin Thames: kilomita 225 cikin kwana takwas, har tsakiyar Landan. Ƙazantar ruwan ta sa shi amai da gudawa, bai fita ba. A hanya ma har kare ya ceto 😅 Kafin ya kammala, an sake tara fiye da miliyan ɗaya.

9/ Ni abin da ya tsaya min a rai: teku ɗaya Webb da Walliams suka tsallaka, sanyi ɗaya suka sha. Ɗaya suna ya ja shi har ga ajali, ɗaya wahalarsa ta zama abinci da maganin wasu.

10/ Kafin wani ya ce zai gwada a dam ɗin garinsu: waɗannan sun shafe watanni suna atisaye, da masu ceto a gefe. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

11/ Ke ko kai, wace wahala za ka iya ɗauka saboda wanda ba ka taɓa gani ba? Ina jiran amsa 👇